Ranar da Roba Ta Yi Hijira

Masana ƙwallon tebur sun yi ittifaƙi a kan cewa robar da ake manna wa katakon bugu tana da ajali, kuma hanyar gane shi ita ce a goga ƙwallo a kanta: in ya cije, da sauran kwana, in kuwa ya zame, ga tsakiyarta ta koɗe, gefenta ya soma ɓamɓarewa, to, sauyi ya zama wajibi. Tawa ta cika sharuɗɗan nan tun hunturun bara, sai na yi mata ijtihadi da gam ɗin mai facin keke.

Jiya bayan la'asar ƙwallo ya taso mini sama, zuciya ta raya mini ni ne Aruna Quadri a Rio a 2016, na tattara ƙarfina kaf na kai duka. Ƙwallon nan a gabana ya faɗi. Jar robar ce, da sosonta, ta yi ban kwana da katako, ta tsallake raga, ta wuce ta kan abokin karawata tana juyi a iska, irin juyin da na daɗe ina nema wa ƙwallo Allah bai nufa ba, har ta sauka ta fuskar gam a tsakiyar goshin surukina, wanda ya biyo ta wurin za shi ta'aziyya. Ta zauna daram kamar hatimin alƙali. Dattijon bai ce uffan ba, ya tsaya, ya ɗaga ido yana neman ganin abin da ya same shi, ni kuwa na durƙusa da tsirarar katako a hannu, na rasa abin faɗa sai, "Baba, an wuni lafiya?"

Nan mai shayin bakin hanya ya matso da fatawarsa. Ya ce, "Malam, robar kanti ba ta da amana. Yanko tayar mota ka buga da ƙusa, har jikokinka su gada." Na ce masa dokar wasa ba ta yarda roba da soso su wuce kaurin kimanin milimita 4 ba. Ya ce a kai wa kafinta ya fere. Da ya ga ban amsa ba, sai ya dubi goshin dattijo, ya nisa, ya ce, "To, ka riƙa aika wa Baba lokacin wasanku, ya sake hanya."