Masu Kallon Finafinan Duhu, Kowa da Halinsa

Tsofaffin finafinan laifi da aka yi a Amurka daga 1941 zuwa wajen 1958 galibinsu ba su da kala, ba su da rawa, kuma sau da yawa jarumin kan ƙare a kabari ko a gidan kaso. Duk da haka suna da masoya, har a majalisun da aka fi sanin Amitabh Bachchan. Idan aka kunna ɗaya a kwamfuta aka zagaye shi, minti goma sun isa kowa ya nuna halinsa.

Wanda ke fara magana shi ne rainon fim ɗin Indiya. Tambayarsa ta farko, ko allon ne ya lalace. In an ce haka fim ɗin yake sai ya haƙura, ya zauna jiran waƙa. A The Maltese Falcon, da ya ga Humphrey Bogart da Mary Astor sun haɗa ido, sai ya gyara zama, ga zatonsa an kusa fita lambu. Da Bogart ya miƙa ta ga 'yan sanda a ƙarshe, kuma gunkin tsuntsun da aka yi ta kisa a kansa ya tashi a jabu, sai ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya kawo fim ɗin nan."

Sai masani. Shi ba kallo ya kawo shi ba, darasi ya zo bayarwa, kuma ɗan yatsansa ba ya barin madannin tsayarwa. Ana tsakiyar shaƙe mutum zai tsayar da hoto ya nuna muku yadda inuwar labulen taga ta faɗa a fuskar jarumi kamar ƙarafan kurkuku. Daga nan sai ya shiga labarin Nino Frank, Bafaranshen da ya kira irin waɗannan finafinai "film noir" a 1946, da su Fritz Lang da Robert Siodmak da suka bar Jamus zamanin Hitler suka kawo salon haskensu Hollywood. Duk gaskiya yake faɗa, abin haushin ke nan. Farkon Touch of Evil, inda kyamara ta bi motar da aka dasa wa bam sama da minti uku ba a yanke ba, sai da ya yanka mana shi gunduwa-gunduwa don ya nuna mana cewa ba a yanke ba.

Wanda na fi jin daɗin zama kusa da shi shi ne mai tsine wa mata. Fim ɗinsa Double Indemnity na Billy Wilder, na 1944. Tun Barbara Stanwyck na saukowa daga bene da 'yar sarƙa a idon sawunta yake fara salati. "Kun gani ko? Kaidin mata! Wannan bawan Allah ya shiga uku." Bawan Allahn nan kuwa, Walter Neff, dillalin inshora ne da ya san kan aikinsa ciki da bai. Shi ya san cewa in mutum ya mutu ta hanyar faɗowa daga jirgin ƙasa, dala 50,000 za ta koma 100,000. Shi ya ɓuya a bayan mota ya kashe mijin matar da hannunsa. Shi ya ɗauki sandunan guragu ya hau jirgin a matsayin mamacin. Duk wannan malamin namu bai gani ba, sarƙar ƙafa kawai ya gani. In akwai dattijuwa a wajen, ita ke warware masa: "Kai Malam, ɗaure shi ta yi ta kai shi tasha? Da ƙafarsa ya je." A ganina Hajiya ta fi masanin can fahimtar waɗannan finafinai, domin kusan dukkansu labarin namiji ne da ya hangi rami tun daga nesa, ya auna zurfinsa, sannan ya cire takalmi ya shiga.

Akwai kuma ɗan sandan zaure, mai biro da takarda. The Big Sleep ne ajalinsa. Ya rubuta sunan kowa, ya ja layi daga wannan gawa zuwa waccan, ya rantse sai ya gano wanda ya kashe direban da aka tsamo motarsa daga teku. Masu shirya fim ɗin ma sun rasa amsa, har suka buga wa Raymond Chandler waya, shi da ya rubuta littafin, ya ce shi ma bai sani ba. An sha gaya masa wannan. Cewa yake Chandler bai natsu ba ne.

Mai wa'azi ba ya ɗaukar lokaci. Murna yake wai Turawan da suna da tarbiyya, tunda mugu ba ya tsira a fim ɗinsu. Bai san tun 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai ta Hays ba, wadda ta hana a nuna mai laifi ya ci bulus. Ɗan uwansa mai kemis shi kuma daga The Third Man babu abin da ya riƙe sai surka penisilin da Harry Lime ke yi a birnin Vienna, har yana cewa ai ya san irinsu.

Wanda abin ya fi kamawa shi ne saurayin da ya koma Bogart. Ya je gwanjo a Ƙofar Wambai ya sayo doguwar rigar ruwa, ya ɗaga kwala, ya karkata malafa, a tsakiyar zafin Afrilu. Magana yake ta gefen baki. Taba ba ya iya sha, tari take sa shi, don haka sai ya maƙala tsinken sakace. Ya jingina da falwaya yana jiran wata mai hatsari ta zo da matsalarta, sai ga ƙanwarsa ta leƙo: "Yaya, Inna ta ce ka cire rigar nan ka je ka sayo gawayi."

Mai barci kuwa ba ya damun kowa. An sa Sunset Boulevard, ya ga gawar William Holden tana yawo a saman ruwan wanka, gawar ce ma ke ba da labari, sai kansa ya langaɓe. Da ya farka bayan kusan awa biyu, ga gawar nan dai a ruwa, ga 'yan sanda a kanta. Ya share yawu, ya dubi jama'a ya ce, "Wai har yanzu ba a fara ba?"