Kek Mai Zane a Birnin Gwari

Masu koyar da kek a waya sun ce a zana fure da kwaɓin fulawa a gindin gwangwani, a sa a firji ya daskare, a zuba bugaggen ƙwai da sukari, a gasa. Madalla! Sai dai a Birnin Gwari firjin ma jiran wuta yake. Gawayi ne a wadace, albarkacin daji daga bakin gari har gandun dajin Kamuku. Sai uwargida ta zuba yashi a tukunya, garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi. Fure ya fito kamar hanyar Kaduna bayan damina, rami nan, tudu can. Yara kuwa ba ruwansu da zane, har ƙanzo suke suɗewa. Uwargida, ƙara sukari kawai.