Zuwa Ga Bawana, Bazazzage Mai Hoto

Bawana Bazazzage, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga yaronsa. Ya aiki, ya ƙura, ya kuma ciwon wuya? Na tambayi wuyan ne saboda labari ya iso mini nan Kano cewa ka ƙaro kyamara ta biyu: ɗaya rataye a dama, ɗaya a hagu, jaka a baya, sanda a hannu. An ce har kati ka buga, ka rubuta a jiki wai kai ƙwararren mai ɗaukar hoton mutane ne da na wasanni. Madalla. Tun da Allah bai hore wa Zage-zagi bakin bayani ba, ni zan faɗa wa jama'a abin da ke ƙarƙashin wannan dogon suna, don abin da ya shafi bawa ya shafi mai shi.

Mu fara da filin ƙwallo, inda ka fi cika baki. Wasan gasar ƙasar nan da ƙarfe huɗu na yamma aka saba take shi, amma kai tun da hantsi ka baro Zariya, ka biyo ta Kwanar Dangora, don ka iso filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kafin wani ya riga ka wurin zama. Dole ka zo mana, tunda a nan kofi yake. Kano Pillars ta ɗauki gasar a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2019 har jiharku muka taka, muka doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a filin Ahmadu Bello na Kaduna, muka ɗago kofin ƙalubale, kai kana durƙushe a gefe kana ɗaukar iyayen gidanka suna murna. Zariya kuwa, in ana maganar kofi, sai dai na shayi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, duk yawan wasannin da ka halarta, babu wanda ka kalla. Ido ɗaya a rufe, ɗayan a manne da ramin kyamara, ga wani gilashi mai milimita 400 da ya kai taɓarya tsawo, ka ɗora shi a kan sanda don hannu ba zai iya da shi ba har minti casa'in. 'Yan kallo suna ganin mutum ashirin da biyu, kai ƙafafu biyu da ƙwallo kawai kake gani. A tashi wasa a tambaye ka wa ya fi taka leda, sai ka hau sosa ƙeya. Kyamarar taka ma mai madubi a ciki ce, duk lokacin da ka danna sai madubin ya ɗaga, duhu ya gifta maka. Shi ya sa ku masu sana'ar kuke cewa in ka ga ƙwallo ta shiga raga da idonka, to hoton ya wuce ka. Ke nan sai ka danna kafin abin ya faru. Sai ka san wane ɗan wasa ne ke bugu da hagu, wa ke tashi sama in an bugo kwana, wa ke rugawa gefen tuta in ya ci. A nan kam na sallama maka: ashe akwai karatu a cikin durƙuson.

Sai kuma sa'a, wadda ko a jami'arku ta Samaru ba a koyar da ita. Raga biyu ce a fili, kai kuwa mutum ɗaya ne. Ka zauna a gabas a ci ƙwallo a yamma, ka tashi da hoton mai tsaron gida yana hamma. Kada ka ji kunya, ya faru da waɗanda suka fi ka. A 1965, a garin Lewiston na Amurka, Muhammad Ali ya kai Sonny Liston ƙasa a zagayen farko, ya tsaya a kansa yana daka masa tsawa. Masu hoto biyu na mujallar Sports Illustrated suna wurin. Babban, Herb Scharfman, shi ya fara zaɓar kujera. Ƙaramin, Neil Leifer, ɗan shekara 22, ya zauna a inda aka bar masa. Da Ali ya juyo, Leifer ya fuskanta. Hoton da ya fito yana cikin mafiya shahara a tarihin wasanni, kuma duk wanda ya duba da kyau zai hango Scharfman ta tsakanin ƙafafun Ali, yana kallon bayan zakara. Na tabbata in aka bincika asalinsa, ba zai rasa dangi a Tudun Wadan Zariya ba.

Ga kuma rigimarka da haske. Kafin ka tsayar da ɗan wasa a guje ba tare da hoton ya dishe ba, sai ƙofar kyamarar ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ko ma ƙasa da haka. Ƙofar da ba ta daɗe a buɗe kuwa haske mai yawa take nema. Zagayen farko rana tana taimakonka. Zagaye na biyu ta karkata, inuwar rumfar 'yan kallo ta raba filin biyu, rabi fari rabi baƙi. In lokacin hunturu ne, hazo ya sauko, ƙura ta shige kowane lungu na kayanka. Ga ƙwallon da ta kauce wa raga ba ta kauce wa goshinka ba. In alƙalin wasa ya busa abin da bai yi wa jama'a daɗi ba, ledar ruwan da aka jefo masa kai take fara samu. Murna ma ba ta bar ku ba. A gasar cin kofin duniya ta 2018, da Mandzukic ya ci Ingila a wasan kusa da na ƙarshe a Mosko, 'yan Kuroshiya suka rugo suka danne wani mai hoto na kamfanin dillancin labaran Faransa, Yuri Cortez. Mutumin yana ƙasa, ƙarti suna kansa, bai daina dannawa ba. Na so a ce kai ne, in ga ko kyamarar za ka riƙe ko hularka.

An busa tashi, kowa ya kama hanyar gida ko majalisa, kai kuwa a lokacin aikinka na biyu ya fara. Ka tsuguna da kwamfuta a cinya, kana tace ɗaruruwan hotuna don ka fitar da 'yan ƙalilan, ka rubuta sunan kowane ɗan wasa daidai, ka yi ta ɗaga waya sama kana neman sabis, edita yana kira. In ka makara da rabin awa, wani ya riga ka, hotonka ya zama tuwon jiya. Amma in ka dace, ka gama wa kanka suna. A 1994, a Dallas, Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya, a wasan da aka doke Bulgeriya da ci 3 da nema. Mutane da yawa sun manta cewa Finidi George ne ya ba shi ƙwallon, amma babu wanda ya manta Yekini a cikin raga, ya damƙe zaren da hannu biyu yana ihu. Hoton ne ya riƙe mana ranar. Na san za ka ce a Kaduna aka haife shi, naku ne. To, mun ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wannan ɗaya kun ci.

Ban da ƙwallo, na sha hango ka a dandalin dambe, kana rakuɓe kusa da makaɗa, kana jiran daƙiƙar da hannu zai sauka, don kisa ba ya sallama. Na gan ka kuma ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, dawakai sun taho a sukwane don jahi, kowa yana ja da baya, kai kana matsowa. Hawan namu na Kano ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Ku ma an ce kuna hawa, Allah Ya kawo lokacinku.

Yanzu mu shiga situdiyo, inda babu gudu babu ƙura, amma wahalar ta fi. Ɗan ƙwallo bai damu da kai ba. Wanda ya zo hoto kuwa kai ya zuba wa ido, kuma ba fuskarsa ya zo karɓa ba, fuskar da yake fata ya zo nema. Alhaji yana so a rage tumbi a ƙara kwarjini. Ɗan takara yana so ya fito mai tausayin talaka a fosta. Amarya tana so a goge ƙuraje, a haska fata, a gyara hanci, har dangin ango su ga kalanda su tambaya ko an sauya yarinyar ne. Kai kuma kana gefe kana washe baki kana cewa amarya ya yi kyau, da Hausarku da ba ta san mace ba. Hoton taro kuwa, ka jera mutum talatin, ka ce kowa ya duba nan, sai a ce a dakata Hajiya Babba tana alwala. Ta zo, ka danna, yaro ya juya baya, kawu ya rufe ido.

Duk da haka, a nan ake gane gwani. Saita fitila da farar lema kowa zai iya koya. Abin da ba ya koyuwa da sauri shi ne sa mutum ya saki jiki a gaban baƙo, ko kuma a fito da halinsa na gaskiya cikin minti biyu. A 1941, a Ottawa, Yousuf Karsh ya samu ɗan lokaci kaɗan da Winston Churchill, shi kuwa ya ƙi ajiye sigarinsa. Karsh ya matso ya zare ta daga bakinsa, ya danna yayin da mutumin ya murtuke fuska. Wannan hoton ne yau a jikin takardar fam biyar ta Ingila. Ina ba ka shawara kada ka gwada haka da goron wani basarake.

Ba sai mun je Turai ba ma. A Bamako, Seydou Keita ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, ya tanadi rediyo da agogo da keke da babur, wanda ba shi da su ya ara ya fito da su a hoto. Ka ga ashe son a fito an fi ƙarfin aljihu ba yau ya fara ba. Malick Sidibe, Bafulatanin ƙauye mai gani da ido ɗaya, ya bi samarin Bamako wuraren rawa da bakin kogi, har a 2007 aka ba shi Zakin Zinare na karrama aikin tsawon rayuwa a bikin fasaha na Venis, lambar da ba a taɓa ba wani mai hoto ba kafin shi. A nan gida, Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu. Su suna ganin aikin yau da gobe suke yi, ashe tarihi suke ajiyewa. Don haka tsofaffin hotunan nan da ka cusa a kwali ƙarƙashin gado, ka fito da su kafin gara ta riga jikokinka.

Sai maganar kuɗi, wadda na san za ka ce Bakano ba ya zama bai tayar da ita ba. Gaskiya ne, kuma da ka saurare mu da ka yi gini. Kayan aikinka da dala ake sayensu, ladanka da naira ake biya, shi ma sai an ga dama. Mai biki ya biya mai abinci, ya biya mai rumfa, ya yi wa makaɗi liƙi, kai ya ce maka za mu yi waya. Hoton da ka sha rana ka ɗauka, kafin ka isa Kwanar Dangora ya zagaye Facebook, an yanke sunanka daga ƙasa, wani ya manna nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta san hoto dukiyar mai shi ne. Ga masu waya, kowa ya zama abokin sana'arka, suna shiga gabanka daidai lokacin da ango zai miƙa hannu. Da can filim mai hoto 36 yana sa mutum ya yi tunani kafin ya danna, ya kuma kwana da fargaba har a wanko. Injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar filim a 1975, kamfanin ya yi sanyin jiki, ya durƙushe a 2012. In zamani ya kayar da Kodak, Bazazzage ɗaya mai jaka a baya sai ya yi da gaske.

Abu na ƙarshe da zan tona maka: ka ɗauki sarakuna, ka ɗauki amare, ka ɗauki zakaru, amma a gidanka babu hotonka na kirki ko ɗaya. In aka juyo maka da kyamara sai ka ɗaga hannu kana kare fuska. Wanzami ba ya son jarfa. Ranar Sallah 'ya'yanka da wayar maƙwabta suke hoto, don ubansu yana bin dawakan wasu.

Jama'a, zolaya ce tsakanina da yaron nan, amma yabon gwani ya zama dole. Waya tana ɗaukar abin da ke gabanta, shi kuwa yana jiran abin da bai riga ya faru ba, kuma wannan jiran kuke saya. In kun kira mai hoto ku biya shi ranar da kuka biya mai abinci. In kun ɗauki hotonsa kun yaɗa, ku bar sunansa a jiki. Kai kuma bawana, in watan Cika-ciki ya kama, ka zo Kano ka karɓi kuɗin shararka. Ka taho da kyamarar, akwai suna a gidanmu, kuma ka san ubangida ba ya biyan bawansa.