Ire-iren Masu Sayen A-kori-kura a Kaduna

A-kori-kura, wato motar da gabanta mazaunin mutane ne bayanta kuwa buɗaɗɗen bodi na ɗaukar kaya, ta daɗe tana zirga-zirga a hanyoyin da suka fita daga Kaduna, ko ta Kawo zuwa Zariya da Kano, ko ta Mando zuwa Birnin Gwari. A Amurka akan ɗora mata wani ɗan ɗaki mai gado da murhu da tankin ruwa, wanda ake zurawa cikin bodin idan za a yi doguwar tafiya, a sauke idan an dawo. Ƙa'idar wannan ɗaki ita ce kada nauyinsa, haɗe da na mutane da guzurinsu, ya zarce abin da masana'anta ta ƙayyade wa motar, wanda a irin su Toyota Hilux kimanin tan ɗaya ne, kuma a kan wannan ƙa'ida ce halayen masu saye suke bayyana.

Wanda dillalai suka fi so shi ne mai neman kwarjini, wanda ba ya tambayar lafiyar inji ko giya, sai dai ko motar ta yi kama da na ayarin gwamna. Hilux mai ƙofa huɗu yake zaɓa, ya sa mata baƙin gilashi domin a riƙa sara masa a shingen jami'an tsaro, sai bayan ya biya la'ada yake gano cewa kujerun baya sun cinye tsawon bodin, har ya rage kimanin mita ɗaya da rabi, wanda ba ya isar baligi miƙe ƙafa.

Kishiyarsa shi ne dattijon da ya yi wa Peugeot mubaya'a tun lokacin da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, wanda a wurinsa duk abin da aka ƙera bayan 504 kwali ne. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin babu wani ƙarfe a jikin motar da ba za a samu ko a ƙera a kasuwar Panteka ba, sai dai ba da kilomita yake auna tafiya ba, da yawan kanikawan da ya sani a Jaji da Zariya da Kwanar Dangora, kuma kowannensu yana ganinsa a kowace tafiya.

Mafi ban sha'awa ga mai nazari shi ne wanda ya ga ɗakin Amurkawa a YouTube, ya ɗauki wayarsa ya nufi Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Tudun Wada, inda ba a taɓa jin wani ya ce aiki ya fi ƙarfinsa ba. Mai walda yakan dubi hoton sau ɗaya ya ce an gama, sa'an nan ya maye gurbin ƙarfen goran ruwa da sauran kayan marasa nauyi da ƙarfen da ake yin ƙofar gida da shi, saboda a fahimtarsa nauyi shi ne inganci. Mai motar kuma yakan ƙara janareta da firji da katifa mai hawa biyu, har gindin motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, fitilunta su koma haska rassan bishiya. Tun da ba a sa wa bangon abin da ke tare zafi ba, a watan Maris da Afrilu ɗakin yakan zama tanderun gurasa, mai shi ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motar.

Akwai kuma ma'abucin lissafi, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 yake kwatanta shan man wannan mota da na waccan a bayan ambulan, ya gaji da dillalai su ma su gaji da shi, daga bisani ya tafi Rigasa ya hau jirgin ƙasa.

Na ƙarshe ya sayi motar da ta dace, ya gina ɗaki daidai gwargwado, amma ya manta cewa yana da dangi. Da zarar labarin tafiyarsa ya bazu, gadon zai cika da buhunan masara da ragon layya da kayan jeren amaryar da bai san sunanta ba, kowane saƙo da garin da za a sauke shi. Kwana a daji kuwa ba abin da mai hankali zai yi ba ne a hanyar Birnin Gwari, idan kuma ya isa gari lafiya, mai masaukinsa zai ɗauki kwanan baƙo a cikin mota a matsayin cin fuska da za a kai ƙara gaban manya. Saboda haka akan sauke ɗakin a ƙofar gida a Malali ko Unguwar Rimi, a ɗora shi kan bulo huɗu, maigadi ya tare a ciki.