Hancin Bakanike

A Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, hanci na cikin kayan aikin bakanike, kuma shi kaɗai ne yaran gareji ba sa iya ara su ɓatar. Ƙaurin da ya fi yawa shi ne na kuloci, kuma lokacinsa kaka, sa'ad da aka lafta wa akori-kura buhunan masara har ta durƙusa, aka ce ta kai Funtua. Direba kan ɗora laifin a kan hanya. Ƙaurin roba kuwa yawanci fambel ne ya saki yana zamewa. Idan na leda ne, waya ce ke narkewa, sai a kashe mota a cire kan batir, a bar gardama sai an sauka.

Ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai na nuna caji ya yi wa batir yawa har ruwansa na tafasa. Littattafan Turawa sun ce ƙamshi mai zaƙi alamar lagireto na yoyo ne, amma wannan sai motar da ake zuba wa ruwan lagireto na kanti. Wadda ta saba da ruwan rijiya tururi kawai take yi.

Warin fetur shi ne abin tsoro, sai dai kafin a kwance kafireto akan duba ko akwai jarka a but. Ranar kasuwa kuwa binciken kan rikice, domin motar da ta ɗauko daddawa, takin zamani da bunsuru biyu sai an sauke kaya an wanke ta kafin bakanike ya yarda ya sunsuna.