Ku da Kuka Ce Sai Injiniya

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Wai mutum ya sayo kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ɗakinsa ya haɗa da hannunsa? Ai sai wanda ya yi karatun injiniya a Zariya! To Malam, sassauta. Kayan nan bakwai ne: furosesa, babban allon da 'yan kasuwa ke kira bod, ram, ma'ajiya, fawa-fak mai raba wuta, fanka, sai kesin da za a zuba su. Kusan kowanne an ƙera shi yadda ba zai shiga gurbin wani ba. Ram ɗin DDR4 ba ya zama a gurbin DDR5, don tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. In ka ji kana dannawa har da nishi, kai ne ka juya shi. Duk wanda ya taɓa ɗaura gadon amarya da sukudireba ɗaya zai iya wannan.

A wajen saye ake yanke jiki a faɗi, kuma Alhaji ne ke fara faɗuwa. Ya shigo shago da babbar riga yana cewa shi fa i7 yake so, i3 ta yara ce. Ranka ya daɗe, wace i7 ɗin? Akwai i7-2600 da ta fito a 2011, akwai i3-12100 da ta fito a 2022, kuma 'yar i3 ɗin nan tana barin dattijuwar a baya ba tare da ta yi gumi ba. Lambar da ke bayan sunan ita ke faɗin zamanin furosesa, ita ya kamata ka tambaya. Batun ma ya wuce gudu. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafinta na yau da kullum ga Windows 10, ita kuwa Windows 11 a hukumance sai Intel ɗan zamani na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000. Mai shago ba zai yi maka wannan bayani ba muddin ka shigo kana rera i7, shi ma yana da iyali.

Ga wani tarkon a harafi ɗaya. Furosesan Intel da ya ƙare da F, kamar 12100F, ba ya fitar da hoto da kansa. Ya fi araha, shi ya sa idon mai ƙaramin aljihu ke sauka a kansa, sai an kai gida an kunna a ga fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Daga nan sai sayen katin hoto, wanda zai cinye rarar har ya nemi ƙari. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 5600 haka yake, amma 5600G yana da nasa hoton a ciki. Ni ga mai aikin ofis, ko shagon buga takardu, ko ɗalibi, wannan mai G ɗin nake nunawa. Gurbinsa, AM4, tun 2016 yake kasuwa, don haka bod irin B450 da B550 sun wadata. Sai dai wani tsohon B450 ba ya gane shi sai an sabunta masa manhajar cikinsa, wato BIOS. Ka sa mai shago ya ɗora ya kunna a gabanka kafin kuɗi su bar aljihu, ko a Ikeja kake ko a Kano.

Ram kuwa, sayi giga 8 guda biyu maimakon giga 16 guda ɗaya, don hanyoyi biyu sun fi ɗaya saurin kai saƙo, musamman da yake hoton 5600G a ram yake aro. Ma'ajiya ta zama SSD. Ba ni da ƙarin magana a nan, wanda ya taɓa jiran tsohon faifai mai juyawa ya buɗe Windows ya san dalili.

Yanzu ga saurayin da ya ware kuɗi ya sayi kesi mai gilashi da fitilu bakwai masu canza launi, sannan ya ce a ba shi fawa-fak kowanne ne, ai duk wuta ce. Ƙanena, zo nan. Wannan akwatin da ka raina shi ke karɓar wutar bango ya mayar da ita 'yar ƙarama ya raba wa duk abin da ka kashe wa kuɗi. In ya lalace, wani lokaci ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja bod su tafi tare. Ɗauke shi ka ji nauyinsa. Na banza sakayau yake, wayoyinsa sirara, an manna masa takarda an rubuta wat 650 da manyan baƙaƙe. Nemi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus, wato aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana zama aiki maimakon zafi. Tambarin kaɗai ba ya rantse maka da inganci, amma wanda ko shi bai samu ba me zai ce? Kwamfutar da ba ta da katin hoto, wat 450 na gaskiya ya ishe ta har da saura. Fitilun nan kuwa ba su taɓa ƙara wa kowa gudu ba, sai dai su hana ka barci.

Mai son wasanni zai ce shi dole sai kati, kuma ya ga na hannu da araha. Saya, amma ka tuna da yawansu sun kwana sun wuni suna haƙar kuɗin intanet kafin Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan, ta bar wannan tsarin a Satumban 2022. A gwada shi da aiki mai nauyi, ka saurari fankarsa, ka duba zafinsa.

Hajiya tana gefe tana murmushi, tambayarta ɗaya: in aka ɗauke wuta fa? Hajiya, a nan kin kama ni. Kwamfutar tebur ba ta da batir, UPS kuma mintuna kawai zai ba ki ki adana aiki ki kashe. In unguwarku ganin wuta sai an yi sa'a, kuma babu sola babu inbata, riƙe laftof ɗinki da hannu biyu. Haka shi ma mai cewa gara ya sayi tsohuwar Dell OptiPlex ta ofis ya ƙara mata ram da SSD, yana da gaskiyarsa. Ya dai sani da yawansu mahaɗin wutarsu na kamfanin Dell ne kaɗai, ranar da ya so sauya fawa-fak zai sha yawon kasuwa.

Sauran ku da kuka ƙuduri aniya, ga kusurwar furosesa akwai ɗan alwatika, a daidaita shi da na gurbin, a sake shi ya zauna da kansa, ƙafafun Ryzen ɗin nan ba sa son dole. In ƙasan fankar da leda, a ɓare ta kafin a ɗora. Lokacin hunturu a riƙa buɗe kesi ana hure ƙura. Kuma idan kun gama kun danna ta ƙi tashi, kafin ku zo ku ce ai dama kun faɗa, ku leƙa bayan fawa-fak. Akwai ɗan makunni a wurin, a kashe yake.