Ina Tumbin Alhaji Ya Tafi?

Ku matso, 'yan gardama, yau da ku nake. Alhaji ya rage loma, ya shiga zagaya unguwa da sassafe, tumbi ya zube har wando na neman sulɓewa. To ina kitsen ya tafi? Malam Na-Ƙi ya ce gumi ya zama. Hajiya ta ce ai ban-ɗaki ya bi. Wani ɗan boko ya gyara tabarau ya ce tsoka ya koma. Duk kun faɗi. Ta hanci ya fita, hancin nan da Alhaji ke hana maƙwabta barci da shi.

Na ji tsakin, ku dakata. A 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown suka buga lissafin a mujallar likitoci ta Birtaniya: cikin kilo 10 na kitsen da jiki ya ƙona, kilo 8.4 na fita ta huhu a matsayin iskar kabon dayoksaid, ragowar 1.6 kuma ya zama ruwa, wanda ke bin fitsari da gumi. Ashe Malam Na-Ƙi ya ɗan taɓa gaskiya. A ba shi ɓarin goro, kada a ba shi guda.

"Ƙonewa kuma? Ina wutar, ina hayaƙin?" Tambayar nan ta girmi kakanku. A farkon shekarun 1780, a Faransa, Lavoisier da Laplace suka sa ɓeran masar cikin wani mazubi da ƙanƙara ta zagaye, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar da kuma iskar da ya fitar, suka gwada da na gawayi mai ci. Lissafi ya zo kusan ɗaya. Numfashi ƙuna ne, sai dai a hankali yake ci, ba harshen wuta. Shi ya sa jikinka ke da ɗumi ko cikin hunturu.

A cikin ƙwayoyin halittar jiki ake wannan aiki. Tuwon da ka danna ya narke ya zama sukarin gulukos, jini ya kai shi ƙofar kowace ƙwaya. Amma ƙwaya ba ta iya kashe shi haka nan, kamar ka miƙa wa mai ƙosai takardar dubu da asuba: sai an yi canji. Canjin shi ne wani sinadari da ake kira ATP, da shi tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa, har harshen gardamarku da shi yake karkaɗawa. Da farko ƙwaya takan raba sukarin biyu ba tare da oksijin ba, ta sami ATP 2 kacal. Daga nan sai a tura ɓarin cikin wasu 'yan ɗakuna masu suna maitokondiriya. Can ake zare masa kabon ɗaya bayan ɗaya, ta zagayen da Hans Krebs ya gano a Sheffield a 1937, har ya ci kyautar Nobel a 1953. Oksijin ɗin da ka shaƙa yana jira a ƙarshen layi, ya haɗu da haidurojin ya zama ruwa. Idan an kai nan, gulukos ɗaya ya ba da ATP wajen 30.

Babban mutum kan kashe ATP da ya kai kusan nauyin jikinsa a yini guda. Kar ka zabura, Malam, ba buhu ake tarawa ba, 'yan kaɗan ne ake ta sabuntawa dare da rana. Ajiya ta gaske tana wani wurin. Hanta kan riƙe sukari wajen giram 100 a dunƙule, shi ke tallafar mai azumi daga sahur zuwa shan ruwa. Abin da ya yi rara sai a mayar da shi kitse, don giram ɗaya na kitse ya ninka na sukari ƙarfi fiye da sau biyu. Tozon raƙumi ma kitse ne, ba randar ruwa ba, ko da wa ya gaya muku.

Ku kuma masu bugun ƙirji kuna cewa ƙarfin babanku kuka gado, sannunku. Maitokondiriya daga wajen uwa ake gadonta. Ku je ku gaida Inna.

Na hango mai wayo ya fara haki a kan tabarma, wai tunda ta hanci ake ramewa, bari ya hure tumbinsa daga zaune. Jiri kawai za ka kwasa, ɗan'uwa. Huhu ba ya fitar da abin da ƙwayoyi ba su ƙona ba, su kuwa ba sa ƙara wuta sai tsoka ta nema.

Wanda har yanzu yake ganin tatsuniya ce, ya tambayi masu sarrafa rogo me ya sa ake wahalar jiƙa mai ɗaci. Gubar sayanaid da ke fita daga cikinsa tana toshe matakin ƙarshen nan ne, inda ƙwaya ke amfani da oksijin, sai mutum ya galabaita alhali jininsa cike yake da iska. Ku yi ta musu da ni son ranku, amma rogo mai ɗaci a feraye shi, a jiƙa, a shanya ko a soya sosai kafin a ba yara.